Saukowa a Lamba Biyu

Asabar, bayan la'asar

Mun iso. Alhamdu lillahi, mun iso da ranmu da lafiyarmu, sai dai kunnuwana da suka toshe tun tsakiyar hawa, har yanzu ina jin muryata kamar daga cikin randa.

Masaukin nan ya fi yadda Autarmu ta kwatanta mana. Ɗaki ne na dutse, taga biyu, gado mai ƙara, da barguna uku da na raina da farko, yanzu kuwa ina cikin biyu. In ka leƙa taga sai ka ga gajimare a ƙasanka. A ƙasanka fa! Tun ina yarinya nake ɗaga kai in kalli gajimare, yau ga ni ina leƙa shi kamar mai leƙa rijiya. Matar da ke da wurin, kowa Inna yake ce mata, ta tarbe mu da shayi mai zafi da madarar da aka tatso ɗazu. Ta tambayi maigidana sana'arsa, ni kuwa na gyara zama, don na san za a daɗe. Shekara talatin da wani abu yana jan babbar bas, bai taɓa ko ƙwarzane ta ba, kuma tun da ya karɓi lasin bai taɓa zama a kujerar mai zaman banza ba. Shi ya sa har jikokinsa Direba suke ce masa. Ni kuma Fasinja yake kirana, duk da cewa kullum ni nake jan kaina zuwa shagona na zare da maɓallai. In yana cikin mota dai, sitiyari nasa ne.

Mako guda za mu yi.

Akwai jaki a kwanar da ke kusa da ƙarshe. Yana tsaye a hagu da kayan itace a bayansa, jaki sukutum, ba kaza ba. Madubinmu ya bugi itacen. Direba bai kauce ba, bai rage gudu ba, sai da muka wuce ya ce, "Wane ne ya jefe mu?" Na ce reshe ne. Da muna hawa, ramin da ke gefen hanya yana damanmu. Ranar sauka zai koma hagu. Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba, hutu muka zo.

Lahadi, da hantsi

Sanyin ruwan alwala a nan sai namiji. Na yi ihu har Inna ta leƙo ta ga ko kunama ce.

Mun zaga gonakin bayan gida. Mutanen nan sun sassaƙe dutse sun mai da shi matakala, kowane taki da shukarsa: nan dankali, can kabeji, can sama masara. Direba ya ce a ɗauki mota, na ce a'a, likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa saboda gwiwa. Allah ya yafe mini, ba likitan da ya taɓa cewa haka.

A bakin wata gona ya tsaya ya yi sallama mai kyau, har da tambayar iyali da gajiya. Mutum-mutumin korar tsuntsaye ne, an sa masa tsohuwar kwat da hula. Na ce, "Direba, wannan bawan Allah ba ya amsa gaisuwa." Ya matsa kusa, ya duba, ya ce, "Ai na gani. Gwada tarbiyyarsa nake yi." Muka yi dariya har na dafa shinge. Dariyar gaske ce, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Talata, da yamma

Yau muka je inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Tun daga nesa ake jin rugugi, in ka matso kuma feshi ya jiƙa ka kafin ka gan shi. Tsayinsa ya fi duk wani bene da na taɓa gani, fari fat, ga bakan gizo a gindinsa yana zaune abinsa kamar an biya shi.

Kafin in ankara, dattijon nan ya tuɓe riga, daga shi sai singileti da wando, ya shige ƙarƙashin ruwan. Mutum mai jikoki shida! Yana ta ihu, "Fasinja, shigo! Akwai wuri a baya!" Na ce ba da ni ba. Daga ƙarshe na tsoma ƙafa, daga ƙafa sai gwiwa, daga gwiwa santsi ya ƙarasa aikin. Na zauna daɓas a cikin ruwa da zanena sabo. Rabon da in ji shi yana irin wannan dariyar tun kafin ya ajiye aiki bara. Cewa ya yi ya gaji da hanya, ni kuma ban tambaya ba.

Da za mu dawo na bi ta hagunsa. Kullum yanzu ta hagunsa nake bi.

Laraba, da azahar

Gwiwata ta kumbura. Haƙƙin likitan da na yi wa ƙarya ne.

Alhamis, bayan la'asar

Ƙanen Inna mai kiwon zuma ne, ya gayyace mu mu ga yadda ake ɗiba. Ya lulluɓe mu da raga tun daga kai har ƙafa, muka koma kamar gadaje biyu masu tafiya. Ya ce kada kowa ya yi motsi da sauri. Direba ya ce shi da ya yi shekaru yana fama da fasinjojin ranar kasuwa, ƙudan zuma ba za su ba shi tsoro ba. Guda ɗaya tak ta shiga ƙafar wandonsa. Rawar da ya taka a gonar nan, ko ranar bikinmu bai taka irinta ba.

Zumar kuwa, wayyo. Da saƙarta muka sha, tana da ɗan ƙamshin furen da ke cike gangaren nan. Na lashe yatsu ba kunya.

Da muka dawo ya ce shi zai zuba shayi. Ya ɗaga buta, ya nufi gefen kofi. Na tura kofin da ɗan yatsa ya shiga ƙarƙashin ruwan daidai lokacin. Na ƙware a wannan, ko sauti ba ya ji. Ko kuma yana ji, oho.

Juma'a, da yamma

Gobe ya kamata mu sauka. Tun safe nake neman dabarar ɗaga tafiyar.

Na sami Inna a ɗakin girki na ce, "Inna, don Allah me ya rage a nan da ba mu gani ba?" Ta ce akwai gadar igiya, akwai kogo, akwai kasuwar Talata, akwai fitowar rana daga ƙololuwa. Na ce ta ƙaro. Ta dube ni ta gefen ido ta ce akwai kuma maɓuɓɓugar ruwan zafi. Na koma ɗaki na jera wa Direba su duka, na ce abin kunya ne mutum ya zo har nan ya koma bai ga gadar igiya ba, me za mu gaya wa yara?

Na shirya musu, don mutumin nan bai taɓa ɗaga ranar tafiya ba ko da ana ruwan ƙanƙara. Sai kawai ya ce, "To, a ƙara mako." Ko gardama babu. Na yi murna, amma saurin yardarsa ya tsaya mini a rai.

Lahadi, bayan azahar

Duk wanda ya ƙirƙiro gadar igiya, shi da Allah. Katako ne jere a kan igiyoyi, ƙasa can kogi yana kumfa, iska kuma tana kaɗa ka yadda ta ga dama. Wata tsohuwa ta zo ta wuce mu da tulu a ka da akuya a hannu, ko kallon ƙasa ba ta yi ba.

Direba ya ce in shiga gaba, wai mata ake fara ba hanya. Da muka kai tsakiya na ji an kama bakin mayafina ta baya. Ya ce, "Riƙe ki nake yi kada ki faɗi." Na ce, "Na gode, riƙe da kyau." Haka muka ƙetare, ina faɗin duk inda katako ya ɓalle, wai da kaina nake magana.

Kogon yana can ƙetare. Sanyi, duhu, jemagu, da wani dutse da ruwa ke ɗiga a kansa. A ciki Direba ya fi kowa sakewa. Ya ce, "Nan dai duk ɗaya muke." Ya yi kiran fasinja irin na tasha, kogon ya maimaita masa sau uku, ya ji daɗi kamar yaro.

Litinin, da safe

Mutumin nan ya tashi da sabon salo. Bayan masauki akwai wata hanya mai gangara da ke sauka zuwa rafi, da kwana biyu masu kaifi. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Ke direbar fili ce, daga gida sai shago. Zo mu ga ko kin iya abin da ake kira tuƙi." Na ce shiga mana. Ya ce Allah ya kiyaye, shi ya zauna a kujerar mai zaman banza? Ya tsaya a kan wani dutse ya harɗe hannu.

Na sauka lafiya lau, na hawo ina jiran yabo. Ya ce, "Sifiri. Tun daga sama ƙafarki tana kan birki, ina jin kukansa daga nan. A gangara mai tsawo birki zafi yake ɗauka, in ya yi zafi kuma ya daina ci, sai salati. Lambar da kika hau da ita, da ita za ki sauka. Sa giya a lamba biyu, ɗage ƙafa, ki bar injin ya riƙe ta."

Sau nawa na sauka na hau, ban ƙirga ba. Hutu na zo ko makaranta?

Talata, da yamma

Darasi kuma da sassafe. Wai na taka kuloci a tsakiyar kwana. Bayansa ma ya juya mini, da kunne kawai yake kama ni. Na ce masa shekara goma sha biyar ina tuƙi ban taɓa buge ko kare ba. Ya ce karnukan unguwarmu ne masu wayo.

Kasuwa ta wanke mini rai. Mutane sun gangaro daga kowane lungu na duwatsu da jakuna, da cuku, da ulu, da tuffa ƙanana masu tsami. Na sami wata mai saƙa da ke rina zarenta da ɓawon itace, muka zauna muka baje hira kamar mun shekara da sanin juna. Na sayi zaren da ba ni da wurin sa shi. Direba ya sayi hular ulu mai kunnuwa, ya sa ta a take, ya ce yanzu ya zama ɗan gari. Ya yi kama da tsohon zomo, kuma na gaya masa.

Alhamis, da hantsi

Bayan asuba muka kama hanyar ƙololuwa, ƙanen Inna a gaba da fitila. Na yi haki, na yi mita, na rantse ba zan ƙara hawa ko tudun tururuwa ba. Muka kai, muka zauna a kan dutse cikin bargo ɗaya.

Ban san yadda zan rubuta ba. Gajimare ya shimfiɗu har iyakar gani, kawunan duwatsu sun leƙo ta cikinsa, sai gabas ta fara canza launi. Direba ya ce, "Fasinja, ke ce mai shagon zare. Faɗa mini sunayensu, ni duk ja nake ce musu." Na ce can ƙasa ruwan toka ne. Bisa shi ruwan hoda, irin wanda amare ke nema ya ƙare mini kullum. Sai ruwan goro, sai wani siririn ruwan ƙwai kamar an ja shi da allura. Ya ce, "Ta hagu fa?" Na ce ta hagu akwai wani dutse shi kaɗai, shuɗi mai duhu, rana ta taɓa kansa kawai. Ya ce, "Haka ne. Haka nake gani."

Da ranar ta fito gaba ɗaya ya cire hular zomon ya miƙa mata fuska. Na ji daɗi har na ji tsoro. Mun ci burodi da zuma a can sama, ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba.

Asabar, da yamma

Auta ta bugo. "Mama, ba yau za ku dawo ba? Ko kun sayi gida a can?" Na ce Babanki ne ya ƙi tafiya. Ya ƙwace wayar ya ce uwarki ce. Da ya mayar mini, ta rage murya ta ce, "Ya yarda da maganar likitan nan?" Na ce layi ba kyau, ba na jin ta.

An ƙara mako. Abin gani ya fara ƙarewa. Yau na kai shi kallon wani dutse da Inna ta ce yana kama da raƙumi. Mun zaga shi ta kowane gefe. Direba ya shafa shi ya ce, "In wannan raƙumi ne, to mota ta taka shi." Gobe ban san inda zan kai shi ba. An ce wani manomi yana da ƙatuwar kabewa.

Lahadi, da azahar

Mun ga kabewar. Babba ce.

Litinin, bayan la'asar

Inna ta kira ni gefe ta nuna mini yamma. Ta ce, "'Yar'uwa, kin ga wancan baƙin? Kafin mako ya zagayo ruwa zai sauka. In ya sauka, hanyar nan laka take zama, duwatsu suna gangarowa, sai a yi wata ba a bi ta ba. Ni ba korarku nake yi ba."

Akwai wani mai motar kaya da ke kawo kaya kasuwa, Dogo ake ce masa. Na same shi yana sauke buhuna. Na ce ina so ya sauke mana motarmu zuwa ƙasa ranar Asabar, maigidana kafaɗa ke damunsa. Na ce ya bar maganar tsakaninmu, ni zan san yadda zan shawo kansa. Ya ce ba komai, Hajiya.

Na dawo ina jin kaina wata mai dabara. Har waƙa na yi ina wanke kofuna.

Talata, da hantsi

Na yi ɓarna.

Ashe su direbobi, ƙarami ba ya taɓa sitiyarin babba sai ya zo ya nemi izini. Shekara talatin da biyar ina auren direba ban san wannan ba. Muna karyawa a tsakar gida, ga Inna, ga ƙanenta, ga wasu baƙi biyu, sai ga Dogo. Yana ganin Direba ya cire hula ya durƙusa. Ashe ya san shi, ya taɓa yin yaron mota a tasharsu. Ya ce, "Baba, ashe kai ne! Hajiya ta ce in sauke ku ranar Asabar, na ce ba zan hau kujerarka ba sai ka sa mini albarka."

Cokali ya tsaya a hannun kowa. Direba ya ce, "Na gode, ɗana. Allah ya yi albarka. Je ka kama aikinka." Da muka shiga ɗaki bai ɗaga murya ba, gara ma da ya ɗaga. Ya ce, "Kin ɗauko yaron mota ya sauke ni kamar buhun dankali. Kafin jibi duk tasha an ji." Na ce, "To wa zai..." Ban ƙarasa ba. Shi ma bai tambaye ni ƙarshen maganar ba.

Laraba, da yamma

Bai yi mini magana ba yau. Shayi ya zube a tebur, na bar shi.

Alhamis, bayan azahar

Da safe na ce, ba da kowa nake ba, saura ruwan zafi ba mu gani ba, ni dai zan tafi. Na kai bakin ƙofa na ji takunsa a bayana.

Wani kwarmi ne a cikin duwatsu, ruwa yana ɓuɓɓugowa da tururi, yana ɗan warin dafaffen ƙwai. Muka tsoma ƙafafu. Gwiwata ta yi ta godiya. Can sai ya ce, "Yatsunki sun yi kama da citta." Na ce nasa kuma fa, kamar an tono rogo. Shi ke nan, aka shirya. Mu haka muke, ba mu iya ban haƙuri da baki ba.

A hanyar dawowa ya ce, "Kin yi fashin darasi kwana biyu. Yau da lodi za ki yi." Ya sa aka loda buhunan dankali a but ɗin mota, ya roƙi Inna da ƙanenta suka shiga baya, shi kuma ya hau dutsensa. Motar ta yi nauyi tana tura ni. Na sa lamba biyu, na ɗage ƙafa, na yi hon kafin kwana yadda ya koya mini. Inna tana ta salati tana dariya. Da muka kai rafi na ce mata, "Kin ga jarabar mutumin nan? Ya rasa abin yi sai ni." Ta ce, "Ke kam, 'yar'uwa! Tun makonku na farko ya tambaye ni wace gangara ce a nan ta fi kama da babbar hanya."

Na zauna riƙe da sitiyari, bakina a buɗe. Ni ina can ina neman kabewa da raƙumi don in ja lokaci, shi ma ashe lokacin yake nema. Wani zubin kaina kamar na akuya.

Juma'a, da yamma

Yayyafi ya ɗan taɓa ƙasa ya ɗauke. Mun haɗa kaya: zuma, zare, cuku, tuffa.

Yanzu tsoron ya koma kaina. Ni ce zan sauka da mu? Kuma shi a ina zai zauna? A duk darasin nan ko sau ɗaya bai shiga motar ba. Mutumin da ya gwammace ya yi tafiyar yini a ƙasa da wani ya ja shi. Makulli yana aljihunsa, ina jin ƙararsa in ya motsa.

Lahadi, da hantsi, a gida

Jiya muka sauko, ban samu na yi rubutu ba.

Mun yi sallama da Inna, ta rungume ni ta cusa mini wata kwalbar zuma. Direba ya zaga mota, ya duba mai da ruwa, ya daddaki tayoyi. Sai ya buɗe ƙofar direba ya shiga ya zauna. Na tsaya da jaka a hannu ina tunanin ko in kwanta a gaban motar.

Ya kama sitiyari da hannu biyu, ya daɗe a haka. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo ta gaba, har gwiwoyinsa suka tokare. Ya sunkuyar da madubi. Ya fito da ƙyar, ya bar makulli a jiki, ya zaga ta gaba yana dafa bonet, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Ya ce, "Kujerar nan ashe tana da laushi. Shigo mana, rana tana yi."

Na shiga. Na yi bisimilla ta fi a ƙirga. Ramin yana hagu kamar yadda na sani, ba shinge, ba komai, sai sarari da tsuntsaye suna shawagi a ƙasanmu. Ya ce, "Kada ki kalle shi, ba ruwanki da shi. Kalli inda kike son zuwa." Lamba biyu. Injin yana gurnani, ƙafata tana ƙaiƙayin birki, shi kuma yana cewa, "Bar ta. Bar ta. Yanzu taɓa kaɗan. Saki. Hon." Wata babbar mota ta taso mana a wata kwana, ya ji ta tun kafin in gan ta, ya sa na raɓe na tsaya ta wuce. Gumi ya jiƙa mini baya duk sanyin nan.

Wajen rabin hanya umarni ya fara raguwa. Na saci kallo, sai na ga ya sauke gilashi ya fitar da hannu yana tare iska. Ya ce, "Ashe haka fasinja suke jin daɗi? Shekara da shekaru ana cutata." Na ce ya yi mini shiru ina aiki. Ya ce, "Ji direba da faɗa!"

Da muka taka fili na gangara gefe na kashe mota. Ya fita ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, don ya ji ko birki ya ɗau zafi. Ya dawo ya ce, "Sanyi ƙalau." A bakinsa wannan ya fi lambar yabo.

Na zare makulli na miƙa masa, na ce ga fili nan, hanya miƙaƙƙiya har gida. Bai karɓa ba. Ya tsaya yana fuskantar duwatsun da muka baro, ya ce, "Idon hagun ya tafi tun bara. Na daman ma ya fara bin sa." Na ce, "Na sani." Ya ce, "Na san kin sani. Wa yake tura mini kofi?" Sai ya laluba hannun ƙofa, na bar shi ya samu da kansa. Ya zauna, ya ja bel, ya ce, "Ranar Litinin ki kai ni wurin likitan idon nan da Auta take ta magana."

Ki kai ni. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Na ce to, na tayar da mota, na share ido da bakin mayafi don in ga hanya.

Ba mu yi nisa ba na ji shiru ya yi yawa. Na duba. Ya jingina kai da gilashi, baki a buɗe, yana barci har da minshari. Duk ramin da na gani a hanya na rage gudu na lallaɓa shi, har muka iso ƙofar gida bai farka ba.